Tambaya da Amsa: Gyaran da mai babur zai iya yi da hannunsa a gida

Yawancin wasiƙun da suka zo wannan fili a watan nan a kan babur suke, kuma hakan bai ba ni mamaki ba, domin hunturu ya shigo da ƙurarsa, ga shi kuma a Maradi da wuya ka leƙa zaure ka rasa moto a jingine. Na zaɓi guda huɗu, na kuma fi tsayawa a kan ta farko saboda amsarta ta shafi kowa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a unguwar Zariya, ina koyarwa a wani ƙauye da ke kan hanyar Madarunfa, kusan kilomita 20 daga gida. Ina da moto Kasea 125 wanda na saya shekara biyu da suka wuce. Kusan kowane mako sai na kai shi wurin makanike, albashi kuwa ba ya ɗaukar haka. Wane gyara ne zan iya yi da kaina ba tare da na lalata shi ba? Kuma gaskiya ne ba a yin juye, wato sauya man inji, sai mai ya yi baƙi ƙirin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan hidima ta karantar da yaran karkara. Abubuwa uku ne suke cin babur a ƙasarmu, wato zafi da ƙura da rairayi, kuma wuraren da suke shiga su yi ɓarna duk suna inda hannunka zai kai: baƙin mai, matatar iska da sarƙa. Idan ka riƙe waɗannan, zuwanka wurin makanike zai ragu ƙwarai.

Maganar cewa sai mai ya yi baƙi ake juye kuskure ce. Mai nagari yakan yi duhu da wuri domin yana kwashe dattin cikin inji, kuma aikinsa ke nan, saboda haka launi ba ya nuna ko ya gaji. Abin da ake dubawa shi ne tafiyar da babur ya yi. Injin irin naka iska ce ke sanyaya shi, ba shi da ruwa kamar na mota, kuma man da yake ɗauka bai fi lita ɗaya ba. Wannan 'yar lita ita ke hana ƙarafa gogar juna, ita ke kwashe zafi, ita ce kuma giya da kuloci suke wanka a cikinta. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, nauyin da ke kanta ba kaɗan ba ne. Littafin da ke zuwa da sabon babur yakan ba da tazara mai ɗan tsawo, amma shi kansa yakan ce a rage ta a inda ƙura ta yi yawa. Shawarata ita ce kada ka wuce kilomita 1,500. Kana yin kilomita 40 a rana, wato 200 a kwana biyar na aiki, ka ga ke nan bayan kowane mako bakwai juye ya kama ka. Idan agogon kilomita ya mutu, kamar yadda yake a yawancin baburanmu, rubuta ranar juye a bayan littafin darasinka.

Ga yadda ake yi. Ka kunna injin na minti uku ko huɗu don man ya yi ɗumi ya saki jiki, ka kashe, ka tsayar da babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidaito. Ka sa tsohon kwano a ƙarƙashi, ka buɗe murfin sama, sannan ka kwance notin da ke ƙasan injin, wanda a yawancin irin waɗannan babura sufana mai lamba 17 ke kamawa. Ka bar shi ya tsiyaye sarai. Wajen mayar da notin ne nake so ka yi hattara: ka fara murɗa shi da yatsu har ya zauna, sannan ka ƙarasa da sufana ba tare da ka sa dukan ƙarfinka ba, domin jikin injin alminiyam ne, idan zaren ya cinye to ƙaramin aiki ya zama babba. Ka zuba sabon mai da mazurari, ka kunna na minti ɗaya, ka kashe, ka jira kaɗan, ka auna da sandar da ke jikin murfin, man ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. Cika shi fiye da ƙima ba gata ba ne ga inji.

Ka sayi mai a cikin gora mai hatimi, wanda aka rubuta wa 4T da 20W-50, in so samu ne har da JASO MA, wato shaidar cewa ya dace da kulocin da ke cikin mai. Wasu mayukan mota suna da sinadarin ƙara santsi wanda ke sa kulocin babur ya riƙa zamewa. Man da ake aunawa daga buɗaɗɗiyar jarka a bakin titi kuwa, ba ka san abin da aka haɗa a ciki ba, kuma rarar da za ka samu ba ta kai kuɗin fistan da ringi ba. Tsohon man da ka juye kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, kada kuma a bar shi a gorar lemo inda yara za su kai hannu. Ka kai wa makanikenka.

Matatar iska ita ce na fi jin takaicin yadda ake watsi da ita. Tana cikin akwatin roba a gefen babur ko ƙarƙashin kujera, kuma duk iskar da injin ke shaƙa ta cikinta take bi. Idan ta toshe, babur zai riƙa shan esansi da yawa yana tafiya da nauyi. Idan kuma ta yage, ƙurar hanyar Madarunfa za ta wuce kai tsaye cikin silinda ta riƙa goge bangonta a hankali, har ranar da za ka ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana fita daga salansa, alamar injin ya fara ƙona baƙin mai. Idan taka ta soso ce, ka wanke ta da kananzir ko da ruwan sabulu, ka matse ta a tafin hannu ba tare da ka murɗe ta ba, ka bari ta bushe sosai a inuwa, ka ɗiga mata baƙin mai kaɗan ka sake matsewa, domin wannan danshin man shi ke kama ƙura. Idan ta takarda ce ba a wanke ta, kakkaɓewa ake yi, in ta yi dauɗa sosai a sauya. A lokacin hunturu ka duba ta kowane mako biyu. Na sha ganin samari suna cire ta gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu da ƙara, alhali injinsu suke ba rairayi ya ci.

Sarƙa kuma, ka taɓa ta a tsakiya daga ƙasa ka ɗaga da yatsa: ya kamata ta yi wasa na santimita 2 zuwa 3. Idan ta fi haka sakwarkwacewa tana iya faɗuwa ko ta maƙale a kan gudu, idan kuma ta ɗaure tamau za ta ci haƙoran faranti. Ana daidaita ta ne ta hanyar sassauta babban notin ƙafar baya, a ja ƙananan notunan gefe biyu daidai wa daida, don kada ƙafar ta karkace. Ka wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, ka sa mata mai kaɗan, ka goge abin da ya yi saura, domin mai da rairayi idan suka haɗu sukan zama kamar dutsen wasa wuƙa. Kada ka cire murfin sarƙa ka yar. Kuma ina roƙonka da Allah, kada ka taɓa sarƙa injin yana kunne, da hannu ake juya ƙafar, yatsu da yawa sun tafi a wannan wurin.

Kayan aikin da kake bukata ba su da yawa: sufana masu lamba 8, 10, 12, 14 da 17, sufanar buji, sukudireba, filaya, mazurari da tsumma. A fili za ka yi aikin, kada ka bar inji yana kunne a rufaffen ɗaki ko zaure, domin hayaƙinsa yana da guba marar wari mai kisa.

Tambaya: Ni ɗan kabu-kabu ne a Sabon Gari. Da safe moto na yakan ƙi tashi sai na sha wahala, kuma a kan hanya yakan riƙa shaƙewa kamar zai mutu. Esansin kwalba nake sha. Mene ne matsalar?

Amsa: Ƙanena, fara da buji, wanda 'yan'uwanmu na Katsina ke kira fulogi, domin shi ne ke ba da labarin abin da ke faruwa a cikin inji. Ka bari injin ya huce, ka hure ƙasar da ke kewaye da shi, ka kwance ka dubi bakinsa. Idan ruwan ƙasa ne, injin lafiyarsa lau. Idan baƙi ne busasshe kamar kunkunniya, esansi ya fi iska yawa, kuma sau da yawa matatar iska ce ta toshe ko kana mantawa da cok a ja, wato abin nan da ake ja don inji ya tashi da sanyi. Idan baƙi ne mai maiƙo, baƙin mai yana hawowa, wannan aikin makanike ne. Idan kuwa fari ne fat, injin yana ɗaukar zafi fiye da ƙima. Tazarar da ke bakin buji a irin waɗannan babura takan kasance milimita 0.6 zuwa 0.7. Ka riƙa yawo da sabo guda ɗaya a ƙarƙashin kujera.

Shaƙewar nan kuma na fi zargin ruwa ko datti a kabureta, inda esansi ke gauraya da iska kafin ya shiga inji. Ba zan ce ka daina shan na kwalba ba, na san yadda sana'ar take, amma kwalbar da ta wuni a bakin titi ba ta rasa ƙura, wani lokaci har da ruwa. Ruwa ya fi esansi nauyi, shi ya sa yake kwanciya a gindin kabureta. A can ƙasa akwai ɗan ƙaramin sukuru: ka rufe makunnin tanki, ka sassauta sukurun, ka tare abin da ya zubo a kwalba mai haske, za ka ga ruwan ya kwanta a ƙasa idan akwai shi. Ka ɗaure, ka buɗe makunnin. Ka sa 'yar matatar esansi ta roba a jikin tiyo, ka kuma nemi mai sayarwa ya tace da ƙyalle yana zubawa. Duk wannan a yi shi nesa da murhu da sigari. Kai da ke wuni a kan hanya da fasinja da kaya, juyenka kada ya wuce kilomita 1,000.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a unguwar Ali Ɗan Sofo. An ce mini in rage iskar taya don kada rairayi ya kayar da ni. Haka ne? Kuma batirina yana yawan mutuwa.

Amsa: Malama, gaskiya ne taya mai ƙarancin iska ta fi zama a kan rairayi, amma da zarar kin hau kwalta sai ta riƙa ɗaukar zafi, tana lanƙwasa a kwana, tana cin gefenta, kuma tiyub yana saurin fashewa. Tunda yawancin tafiyarki a cikin gari ce, ki bar ta yadda kamfani ya ce. Adadin yana rubuce a littafi ko a wata takarda da ke manne kusa da sarƙa, kuma a ƙananan babura a ma'aunin iska da ake kira bar, yakan kama kusan 1.75 a gaba, 2 zuwa 2.25 a baya. Ki sa mai faci ya auna da ma'auni da safe kafin tayar ta yi zafi, ba da matsawar yatsa ba. A rairayi abin da ke taimako shi ne ƙaramar giya, da riƙe totur daidai, da barin birkin gaba. Tunda an zo maganar birki, ki duba na baya: idan sai kin taka ya nutse fiye da santimita 3 kafin ya kama, akwai noti a ƙarshen sandarsa da ake murɗawa kaɗan-kaɗan, sannan a juya ƙafar a tabbatar tana yawo ba gogayya.

Batir ɗinki mai bolt 12 ne, kuma gajeriyar tafiya daga gida zuwa asibiti ba ta isa ta cika shi ba, musamman idan kullum da maɓalli kike tayarwa. Da safe ki riƙa tayarwa da ƙafa. Ki duba kawunansa biyu, idan sun yi farin gari ki kwance, na alamar ragi tukuna, ki goge ki mayar. Idan irin mai murafu ne wanda ruwansa ke raguwa da zafi, tataccen ruwan batir ake ƙara masa, ba na famfo ba, ba kuma asid ba. Idan bayan haka ya ci gaba da mutuwa, a auna miki ko babur yana caji.

Tambaya: Ni ɗalibi ne daga Tibiri. Moto na yana ƙara kaf-kaf a saman inji, na kalli yadda ake daidaita bawul a YouTube. In gwada?

Amsa: Ɗana, ka dakata tukuna. Tazarar bawul, wato 'yan ƙofofin da ke shigar da iska su fitar da hayaƙi, a irin waɗannan injuna takan kasance wajen milimita 0.05, wato ba ta kai kaurin takardar littafinka ba, ana aunawa da ma'auni na musamman, injin yana sanyi, fistan yana daidai ƙololuwa. Idan ka ɗaure ta fiye da ƙima ƙarar za ta ɓace ka ɗauka ka gyara, alhali bawul ɗin ba ya rufewa sosai, kuma a hankali zai ƙone. Bayan haka, ba kowace ƙara ce ta bawul ba, tana iya zama ƙaramar sarƙar cikin inji ce ta saki, ko kuma mai ne ya yi ƙasa, don haka auna man kafin komai. Ka kai shi wurin makaniken da ka yarda da shi, ka bar babur ɗin ya huce a can, ka tsuguna kusa da shi ka nemi izini ka kalli yadda yake sa ma'aunin. Idan ka gani sau biyu ko uku, ka sayi naka ma'aunin, ka yi na farko a gabansa.