Katafaren gida ɗaya, ko bene mai sassa 6?

Wani ɗan kasuwa ya aiko da wannan tambaya: "Shekara 15 ke nan ina sana'ar sari. Ina da fili a cikin gari da 'yan kuɗin da na tara. Wasu sun ce in gina katafaren gida in ba mai hali haya, wasu kuma sun ce in yi bene mai sassa 6 tunda jama'a na fama da ƙarancin muhalli. Wanne ya fi?"

Alhaji, ni dai mai sassa 6 zan zaɓa maka, amma akwai sharuɗɗa.

A birni, fili ne ke cin kuɗi. Idan iyali ɗaya ka zaunar a kansa, su kaɗai za su ɗauki nauyin kuɗinsa a cikin haya, kuma masu iya hakan ba su da yawa. Idan iyali 6 ne, an raba musu nauyin fili da harsashi da rufi da katanga, kowa ya samu hayar da yake iya biya, kai kuma abin da ke shigo maka ya fi na gida ɗaya. Sannan ka dubi ranar da ɗan haya zai tashi. Mai gida ɗaya ya koma ba ko sisi har sai an samu wani, kai kuwa sauran 5 na nan suna biya.

Da wannan lissafin ne Singafo ta kafa hukumar gidaje ta HDB a 1960, kuma a yau kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen ƙasar a benayen hukumar suke zaune. Birnin Auckland na ƙasar New Zealand ya sassauta dokar gini a 2016 domin a samu ƙarin gidaje a fili ɗaya, Minneapolis ta Amurka ma ta amince a 2018 a riƙa yin har sassa 3 a unguwannin da a da gida ɗaya tak aka yarda. Ka ga ke nan doka ce ke cewa a yi ko a bari. Kafin ka sayi buhun siminti, ka je ofishin tsara birni ka ji ko hawa nawa aka yarda a filinka, ka karɓi izini a rubuce.

Inda masu kuɗi ke yawan faɗawa rami shi ne su gama gini sannan su yanka haya. Kai ka faro daga aljihun ɗan haya. Ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Ka bincika abin da malamin makaranta ko direba ko ƙaramin ɗan tireda ke samu a yankin, ka fitar da kason, sai a zana ginin da wannan hayar za ta iya riƙewa. Ciki da falo mai iska da ruwa da banɗakinsa ya fi musu amfani nesa ba kusa ba a kan adon da zai tsauwala kuɗi. Wanda bai takura ba yakan daɗe, kuma daɗewarsa ita ce ribarka.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne gyara. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A birnin St. Louis na Amurka an gina rukunin Pruitt-Igoe, benaye 33 masu hawa 11, amma a 1972 aka fara rushe su, ba su ma cika shekara 20 ba. Daga cikin dalilan har da cewa da kuɗin haya ake kula da su. Da mutane suka ragu sai gyara ya tsaya, da gyara ya tsaya sai saura ma suka gudu. Don haka ka yi lissafinka a kan hayar wata 10 maimakon 12, ka kuma ware aƙalla kashi 10 cikin 100 a asusu daban domin famfo da rufi da magudanar ruwa. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, saboda haka kowane sashe ya samu mitarsa ta wuta, kuma sharar tsakar gida da matakala a rubuta wanda ke da alhakinta a cikin yarjejeniya.

Jarin shagonka kuwa, don Allah kada ka taɓa shi. Kuɗin sari yana juyawa sau da yawa a shekara, na gini sai an yi shekaru kafin uwar kuɗi ta dawo. In abin hannunka bai kai ba, ka sa ƙwararren injiniya ya auna ƙasar, ya zana harsashin da zai ɗauki benen gaba ɗaya, kada a rage rodi ko ɗaya domin rayukan mutane za ka ɗora a kai. Sai ka kammala sassan ƙasa, ka zuba 'yan haya, hayarsu ta taya ka ɗora na sama.