Mugun tunanina ne ya jawo wa gidana wahala?

Tambaya

Assalamu alaikum Malama. Ni matar aure ce a unguwar Zariya, nan Maradi, ƴaƴana 4. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida. Maigidana yana fataucin kaya tsakanin nan da Jibiya, amma tun rufe iyaka na 2023 jarinsa ya karye, har yau bai miƙe ba. Gidan ya yi zafi, abu kaɗan sai faɗa. Da damina autana ya yi zazzaɓi har muka kwana asibiti. Sai ƙanwar mijina ta turo mini wani bidiyo ta WhatsApp, mai maganar yana cewa duk abin da mutum ya sa a ransa shi zai same shi, in ka yi niyyar arziki ya zo, in kana tsoron ciwo ka kira ciwo. Ta ce yawan fargabata ne ke jawo mana. Tun ranar ba ni da sukuni. Gaskiya ne? Kuma yaya zan yi amfani da kyakkyawar niyya a gidana?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƴar'uwa, Allah ya ƙara wa yaron lafiya, ya buɗa wa maigida. Bari in fara sauke miki kayan da aka ɗora miki, don ba naki ba ne. Ba tunaninki ya sa wa ɗanki zazzaɓi ba. Sauro ne ya cije shi a lokacin da sauro ke yawa, da ƙaddarar Allah. Duk uwar da ta taɓa raba dare tana dafa goshin ɗanta ta san wannan fargabar, kuma ƙauna ce ke haifar da ita.

Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da bakinsa ya ce wa ƴaƴansa yana tsoron kerkeci ya cinye Yusufu. Kerkecin bai ci shi ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda babu zuciya mai tsarkin tasa, ƴaƴansa 6 cikin 7 sun riga shi rasuwa. Nana Faɗima kaɗai ta rayu bayansa, ita ma da kimanin wata 6. Ranar da ɗansa Ibrahim ya cika, ya zubar da hawaye, ya ce ido yana kuka, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Wa zai iya buɗe baki ya ce mugun tunani ne ya jawo masa? In ba a faɗa a kansa ba, to ba a faɗa a kanki.

Maganar da ke cikin bidiyon ba sabuwa ba ce. Ra'ayi ne da ya taso a Amurka tun ƙarni na 19, cewa tunanin mutum shi ke janyo masa lafiya da dukiya ko ciwo da talauci. Yanzu wasu sun sa masa rawani, sun yayyafa masa kalmomin Larabci, suna yawo da shi a wayoyinmu. Abin da ya fi ɓata mini rai da shi abu biyu ne: ya ɗauki bayarwa da hanawa, waɗanda na Allah ne, ya damƙa wa zuciyar bawa, sannan ya mai da duk wanda musiba ta samu mai laifi. Ke ga shi nan ya hana ki barci.

Hujjar da suke yawan kawowa ita ce hadisin da kowane ɗan Islamiyya ya haddace, na Sayyidina Umar, wanda Imamu Buhari ya buɗe littafinsa da shi: ayyuka suna tare da niyyoyi, kuma kowane mutum yana da abin da ya yi niyya. Nan suke tsayawa. Da sun ƙarasa da sun ga hadisin ya fassara kansa, domin ya ci gaba da misalin masu hijira: wani ya yi don Allah da Manzonsa, wani don abin duniya ko don matar da zai aura. Hanya ɗaya suka bi, rana ɗaya ta dake su, amma abin da aka rubuta wa kowa daban. Ke nan niyya tana manne da aiki, ita ce ke nuna inda aikin ya dosa da kuma ladan da ke kansa. A mazhabarmu ta Malikiyya wurin niyya zuciya ne, ba sai an furta ba, balle a tsaya gaban madubi ana maimaita "ni mai kuɗi ce" sau 100.

To ina amfaninta a gida? Ki dubi safiyarki. Kin soya gyaɗa, kin murje, kin fece, an kai inji an dawo, kin durƙusa kan turmi kina juyawa kina zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya taso, sannan ga murzar tunkuza, ga hayaƙi a ido, ga mai yana tsartuwa a bayan hannu. Mata biyu za su yi wannan aikin daidai wa daida. Ɗaya tana yi tana ƙirga wa mijinta bashi a zuci, ɗaya kuwa kafin ta hura wuta ta ce a ranta: ya Allah, don in ciyar da bayinka da halal ne, kar mu roƙi kowa. Ta biyun tana cikin ibada har ta sauke kasko. Akwai wata sahabiya da nake so ki riƙe labarinta, Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'udu. Mai sana'ar hannu ce, mijinta ba shi da ƙarfi, ita ke ciyar da shi da marayun da ke hannunta. Ta aika a tambayar mata Annabi ko wannan zai zama sadaka. Ya ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Shi ma maigida in ya samu ya kawo, Annabi ya gaya wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa har lomar da mutum ya sa a bakin matarsa don neman yardar Allah ana ba shi lada a kanta.

A shekarun da na yi ina sauraron mata, na lura cewa wannan gyaran niyya yana sanyaya gida ta hanyar da ido ke gani. Matar da ke yi don a gode mata, duk ranar da ba a gode ba sai ta ajiye a ciki, ranar faɗa ta zazzage: ni na sayi gero, ni na biya kuɗin lakwal, ni na kai yaro asibiti. Gori ke nan, kuma a aya ta 264 ta suratul Baƙara Allah ya hana mu ɓata sadakarmu da gori da cutarwa. Namijin da jarinsa ya karye, gori ya fi masa mari ciwo. Wadda ta riga ta miƙa aikinta ga Allah kuwa ba ta jiran biya daga bakin kowa, sai harshenta ya yi sauƙi.

Amma kar a fahimce ni a karkace, don na san yadda ake juya irin wannan magana a kan mata. Ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana suna wuyan miji, kuɗin ƙulinki naki ne, abin da kika sa a gida kyautatawa ce. Kyakkyawar niyya ba ta nufin mace ta yi shiru ana dukanta ko ana wulaƙanta ta. Ba ki ambaci haka ba, alhamdu lillahi, na faɗa ne don wasu masu karatu.

Abin da bidiyon ya laluba bai kama ba shi ne kyautata wa Allah zato, kuma wannan gaskiya ne, yana da asali mai ƙarfi. A hadisin ƙudusi Allah yana cewa yana nan inda bawansa ya zace shi. Ma'anarsa ki roƙa kina sa ran amsa, ki tuba kina sa ran gafara, kar ki yanke ƙauna. Ba ya nufin Allah zai bi tsarin da kika zana masa. Manoman karkararmu sun fi kowa gane wannan. Mutum zai ɗauki irin geron da ya hana cikinsa, ya je ya yi binne a busasshen rairayi tun ruwa bai sauka ba. Wannan kyautata zato ne, amma da kwashe a hannu. Nana Maryamu tana cikin naƙuda aka ce ta girgiza kututturen dabino, alhali wanda ya ba ta ɗa ba tare da uba ba yana da ikon zubo mata dabinon ba girgiza. Mutumin da ya tambayi Annabi ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, an ce masa ya ɗaure ta kuma ya dogara. Ɗaure raƙuma a ɗakinki shi ne gidan sauro kowane dare, da karɓar maganin rigakafin zazzaɓi da ake rarraba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 da damina, da gaggawar kai yaro asibiti in jiki ya yi zafi. Kin kai shi, kin kwana a kansa. Kin yi abin da ya hau kanki.

Sai kyautata zato ga mutumin da kike kwana ɗaki ɗaya da shi, wanda ya fi wuya. Ya shigo bayan magariba fuska a ɗaure, kin gaishe shi ya amsa a ciki. Nan take zuciya za ta fara saƙa: ya gaji da ni, ya raina abincina, wata yake nema. Aya ta 12 a suratul Hujurati ta ce mu nisanci yawan zato, don wani zaton zunubi ne. Sau da yawa abin da ke cikin shirun nan kunya ce. Ya wuni a kasuwa yana ganin abokansa suna loda kaya, ya dawo aljihu wayam, yaro ya tarbe shi da maganar takalmi. Ki ba shi ruwa, ki bar shi ya ci tuwo. In yara sun kwanta ki zauna kusa da shi ku yi lissafi a fili: tiya nawa ta rage, jika nawa ke shigowa daga ƙuli a mako, yaushe kwasar adashinki, ko za a iya tsakurar wani abu ya fara juyawa ko da ƙarami ne. Ki shiga maganar da niyyar ku fita tare, za ki ji muryarki ma ta canza, shi ma zai ji.

Wuri ɗaya da nake so ki sa ido sosai shi ne bakinki a kan yara. A nan kam magana tana da tasiri. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi ya hana mu yi wa kanmu ko ƴaƴanmu ko dukiyarmu mummunar addu'a, kar ta dace da sa'ar karɓa. Mu kuwa in rai ya ɓaci, yaro ya kifar da kwalbar mai, sai "Allah ya tsine", sai "ɗan banza ba za ka yi albarka ba". Ko ba a karɓa ba, yaron ya ji, kuma abin da uwa ta kira ɗanta da shi yana bin sa har girma. Ki horar da harshenki ya riƙa faɗin "Allah ya shirye ka" ko a cikin fushi. In za su fita da safe ki dafa kan kowanne ki ce Allah ya yi maka albarka. Annabi ya kasance yana son kyakkyawar kalma, yana hana camfi.

Game da munanan tunanin da ke zuwa miki da dare kuwa, ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya, muddin ba su aikata ko sun furta ba. Dubi kuma rahama: wanda ya yi niyyar alheri bai samu yi ba, ana rubuta masa lada cikakke. Kar ki tsaya kokawa da tunanin, ki nemi tsari ki juya ga zikiri. Lokacin da Nana Faɗima ta je neman mai taya ta aiki saboda niƙa ta yi wa hannunta kanta, mahaifinta ya koya mata ita da Sayyidina Ali in za su kwanta su yi tasbihi 33, tahmidi 33, takbiri 34. Na mace mai gajiyar aikin gida ne, ki riƙe shi. In kuma kin ga rashin barci da faɗuwar gaba da kuka ba dalili sun wuce mako 2 ba sauƙi, ki je ki ga likita ki faɗa masa kamar yadda kika faɗa mini. Ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba ne. Wanda duk ya ce miki an yi wa gidanku sammu, a kawo baƙin zakara da jika kaza a karya, ki rufe masa ƙofa.

Ƙanwar maigidanki ma ki kyautata mata zato. Wataƙila halin da ɗan'uwanta ke ciki ne ya dame ta, ta ga bidiyo ta ɗauka magani ne. Kar ki mayar mata da amsa ta waya. Ranar da ta zo gidan ki shimfiɗa mata tabarma, ki dama mata hura, ki ce kin ga saƙonta kin kuma tambaya, an ce miki rabo da jarrabawa duka daga Allah suke, ki roƙe ta ta riƙa sa ku a addu'a. In za ta tafi ki ƙulla mata ƙuli ta kai wa yara.