Mita biyu a kan batir ɗaya, wanne za a yarda da shi?

Ka ce ka ɗora mitan auna wuta biyu a kan batirin solar da aka kawo daga Ringim, ɗaya ya nuna bolt 12.4, ɗaya ya nuna 12.7, kana son sanin mai gaskiya a cikinsu. Ka kuma tambayi dalilin da ya sa na hana a taɓa ɗan akwatin nan na cikin durowa. To ɗana, tambayoyin biyu amsarsu ɗaya ce.

Yana yiwuwa duka biyun ƙarya suke yi. Kuma kada ka raina wannan tazarar. Batirin ruwa da ya huta yana nuna 12.7 cike yake, idan ya sauko wajen 12.2 rabi ya tafi. A na litiyam irin LiFePO4 da ake sa wa sola abin ya fi tsauri, don ƙwaya ɗaya ba a wuce 3.65 da ita wajen caji.

Fara da batirin mitan kansa, ɗan mai bolt 9 ɗin nan. Mita ba ya sanin wuta haka kawai, kwatanta ta yake yi da wani ɗan ma'auni da ke cikinsa. A ƙananan mitoci irin DT830, idan batirin ya yi sanyi ma'aunin nan yakan sauka, sai lamba ta kumbura, ka ga mataccen batir ya fito kamar sabo. Canja batir, goge bakin wayoyin, sannan mu yi maganar akwati.

A cikin akwatin akwai aisi (IC), wato ɗan ƙaramin kayan lantarki, mai suna AD584, yana fitar da bolt 2.5, 5, 7.5 da 10. Ba ya ba da 10 cif, kuma ba a nemi ya bayar ba. Abin da ake so a wurinsa shi ne ya tsaya inda yake, yau da gobe da baɗi. Takardar da na manna a murfin, mai ɗauke da ainihin lambar da aka auna, ta fi aisin daraja. Kamar mudun da 'yan kasuwa suka amince da shi ne, da shi ake gwada sauran, ba a kuma awon yau da kullum da shi. Lambar da mai sayarwa ya liƙo kuwa ba na kallonta sai an gwada a gabana.

Wutar da kake ba shi ita ce rabin aikin. Ban da cajar waya, ban da inbata, ban da janareta, domin wutarsu tana tafe da hayaniya, za ka ga lambar ƙarshe tana rawa. Batir mai bolt 9 guda biyu muke jerawa su ba da 18. Kafin ya fitar da 10 lafiya sai an ba shi abin da ya haura 12 da rabi, shi ya sa batirin sola ɗaya ba ya isar sa da daddare. Kada ka rataya masa ƙwai ko wani kaya, ƙarfinsa bai wuce miliyam 10 ba. Idan ka kunna, ka ba shi kamar rabin awa ya zauna kafin ka karanta. Manyan akwatuna irinsa, masu aisin LM399 ko LTZ1000, suna da abin ɗumama kansu a ciki, kuma irin Fluke 732B ba a kashe shi sam, da batirinsa ake tafiya da shi yana kunne. Namu bai kai wannan gata ba.

Sai zafi, wanda shi ne babban abokin gabarmu a nan. Ɗakunan awo na gaske a digiri 23 suke aiki. Mu kuwa a watan Afrilu, ƙarƙashin kwano, muna haura 40. Ƙaramin ajin AD584 zai iya gocewa da kashi 30 cikin miliyan a kowane digiri. Lissafa da kanka: digiri 20 ya zama 0.006 a kan bolt 10. DT830 ba zai gani ba, tunda a layin bolt 20 iyakarsa lamba biyu bayan ɗigo, amma babban mitan tebur mai lambobi da yawa zai gani sarai. Don haka da sassafe nake gwaji, fanka a kashe, in rubuta zafin ɗakin kusa da lambar. Da hunturu ka taɓa ƙarfen ƙofa kafin ka taɓa aisin, saboda tartsatsin da ke taruwa a jiki. Ƙura ma ba a bari ta kwanta a kai, don da damina ta sha laima sai ta zama hanyar da wuta ke zurarewa.

Abin da na fi ja maka kunne a kai shi ne sukundireba. Yara da sun ga bambanci sai su buɗe mita su hau murɗa ɗan sukurun ciki. Rubutawa ake fara yi: kwanan wata, zafi, abin da mita ya nuna. Littafin ne zai faɗa maka ko mita yana gocewa a hankali ko ranar ce kawai. Akwatin ma ana kai shi Kano duk shekara a ɗora a kan mitan da ke da takardar shaidar gwaji, shi ma wancan akwai na sama da shi, har a dangana da cibiyar awo ta ƙasa da ke Inugu ƙarƙashin SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya.

Gobe bayan asuba ka sa wa mitocin sabon batir, ka ɗora kowanne a kan bolt 10 na akwatin. Wanda ya kauce wa lambar da ke kan murfin da fiye da 0.07, in irin DT830 ne, ya fita daga alkawarin masu ƙera shi, a bar shi wa duba waya ko ta tsinke. Ɗayan kuma ka rubuta bambancinsa a salatif ka manna masa a baya.