Jiya sunan yana nan, yau an ce yana da mai shi: amsoshin tambayoyinku kan rajistar sunan shafi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da turaren wuta da humra. Daren Litinin na duba sunan da nake so na sa wa shafin kasuwancina, mai ƙarewa da .com, a wurin wani kamfanin rajista, aka nuna min babu mai shi. Na bari sai na haɗa kuɗi. Ranar Alhamis da na koma sai na tarar an yi masa rajista, har an sa shi a kasuwa da tsada. Kamfanin ne ya yi min ƙafar ungulu? Daga wata Hajiya a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Zarginki yana da tushe, domin an taɓa yin haka. A Janairun 2008 ta bayyana cewa Network Solutions, ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanonin rajista a Amurka, yana riƙe sunayen da mutane suka bincika a shafinsa har kwana huɗu, ta yadda ba za a iya sayensu a ko'ina ba sai a wurinsa. Kamfanin ya ce kare masu saye yake yi, amma an maka shi a kotu, daga baya ya daina. Abin da ya ba da wannan ƙofa shi ne rangwamen kwana biyar da ake ba kamfanonin rajista: su yi wa suna rajista, su soke kafin wa'adin, a mayar musu da kuɗinsu. A 2009 ICANN, hukumar da ke ba waɗannan kamfanoni lasisi, ta taƙaita rangwamen zuwa kashi 10 cikin 100 na sababbin sunayen da kamfani ya yi a wata, ko sunaye 50, duk wanda ya fi yawa. Tun daga nan riƙe suna a ɓagas ya daina biyan kuɗin sabulu. Haka kuma kwamitin tsaro na ICANN ya bi diddigin ƙorafe-ƙorafe 120 irin naki a 2008, bai samu hujjar satar bincike ba.

Saboda haka kafin ki ɗora wa kowa laifi, ki shiga lookup.icann.org ki rubuta sunan, ki dubi ranar da aka fara yi masa rajista. Idan ranar ta shekarun baya ce, to sunan dama yana da mai shi, akwatin binciken ne ya ba ki amsar da ba daidai ba a daren Litinin. Idan kuwa ranar ta faɗo tsakanin Litinin da Alhamis, wani ne ya riga ki. Hakan ya fi faruwa da gajerun sunaye, da sunayen da wani ya taɓa riƙewa ya sake, domin akwai 'yan kasuwar da aikinsu ke nan, gadin sunayen da suka faɗi. Akwai kuma masu bibiyar sababbin rajista: kina ɗaukar .net ko .org, su ɗauke miki .com ɗinsa.

Kada ki yi gaggawar aika wa sabon mai sunan saƙo, domin da ya ga kin matsu zai ƙara farashi. Ki ƙara kalma ɗaya, kamar sunan garinku ko na kayan da kike sayarwa, ki yi rajista nan take. Akwai hanyar kai ƙara ga wanda yake da tambarin kasuwanci, amma kuɗin shigar da ita a WIPO, hukumar duniya mai kula da haƙƙin mallakar fasaha, yana farawa ne daga dala 1,500, kuma sai an tabbatar da cewa wancan ya yi rajistar da mugun nufi. Ga ƙaramar sana'a, sauya suna ya fi sauƙi. Nan gaba ki shirya sunaye uku a takarda, ki tabbatar da kuɗi a kati, sannan ki buɗe shafin kamfanin.

Tambaya: Shafi ɗaya ya ce sunan yana nan, wani ya ce an saye. Na biya a na farkon, bayan kwana biyu aka dawo min da kuɗina aka ce rajistar ba ta yiwu ba. Wa zan gaskata? Daga wani malamin makaranta a Zariya.

Amsa: Malam, kamfanin da ka biya dillali ne, ba shi ke riƙe da babban kundin da ake rubuta sunayen ba. Kundin .com da .net yana hannun Verisign, na .org yana hannun Public Interest Registry, na .ng kuma yana hannun NiRA a Najeriya. Amsar mai kundi ita ce kaɗai abin dogaro, kuma ba kowane akwatin bincike ne yake tambayarsa kai tsaye ba. Wasu suna duba tsarin DNS ne kawai, wato inda ake haɗa suna da saba, kwamfutar da shafin yake kai. Sunan da aka yi wa rajista amma ba a haɗa shi da wata saba ba, ko wanda aka dakatar, ba ya bayyana a can, sai akwatin ya ce maka babu mai shi. Wasu kuma suna ajiye tsohuwar amsa don sauri, su ba ka ta jiya a yau.

Akwai sunayen da mai kundi ya keɓe, ba a sayar da su sam, akwai kuma waɗanda ya sa wa farashi na musamman, musamman a sababbin ƙarshen suna irin su .shop da .online. Wani lokaci za ka ga an rubuta cewa suna yana nan, amma farashinsa dubban daloli. Wannan yawanci yana da mai shi, an jera shi ne a kasuwannin sake sayarwa irin su Sedo da Afternic.

Ka riƙe wannan: sa suna a kwandon sayayya ba ya kama maka shi, kuma saƙon cire kuɗi daga banki ba shaidar rajista ba ce. Bayan ka biya, ka koma lookup.icann.org ka ga ko ranar rajistar ta zama ta yau, kuma sunan kamfanin rajistar ya fito. Tun 28 ga Janairun 2025 sabon tsarin duba bayanan rajista mai suna RDAP ne ya maye gurbin tsohon, wato WHOIS, a matsayin madogara ga sunaye irin su .com, shi ya sa wasu tsofaffin shafukan bincike suke ba da amsa rabi-rabi. Idan .ng ne, ka yi binciken a shafin NiRA. Sannan ka duba akwatin imel, har da wajen saƙonnin banza: za a aiko da saƙon tabbatar da adireshi, kuma idan kwana 15 suka wuce ba ka danna ba, za a dakatar da sunan, shafi da imel su tsaya cak.

Tambaya: Yaron da ya haɗa mana shafin shago shi ya yi rajistar sunan. Duk shekara muna tura masa kuɗin sabuntawa. Yanzu muna so mu riƙe abinmu da kanmu. Wane kamfani za mu amince da shi? Daga wani Alhaji a Kaduna.

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe, wannan ita ce matsalar da ta fi cinye sunayen 'yan kasuwa, fiye da satar bincike nesa ba kusa ba. Suna kamar fili ne: wanda sunansa yake kan takarda shi ne mai shi, ko wa ya biya kuɗin. Ka buɗe asusu da kanka, da imel ɗinka da lambar wayarka, ka nemi yaron cikin lalama ya mayar da sunan can. Idan kamfani ɗaya kuke, turawa daga asusu zuwa asusu ta wadatar. Idan wani kamfanin za ka koma, sai ya cire makullin da ke bayyana a bincike da clientTransferProhibited, ya karɓo lambar sirri ta canjin kamfani. Dokar ICANN ta wajabta wa kamfani ya ba mai suna wannan lamba cikin kwana biyar da nema. Sai dai ana iya hana canji a kwana 60 na farko bayan rajista ko bayan wani canjin kamfani, kuma sauya bayanan mai suna shi ma yakan jawo irin wannan kulle. Don haka ka fara canza kamfani, gyaran bayanai ya biyo baya.

Wajen zaɓe, ka duba ko kamfanin yana cikin jerin masu lasisin ICANN, ko na NiRA idan .ng ne. Kamfanoni da yawa 'yan sari ne a ƙarƙashin wani mai lasisi. Wannan ba laifi ba ne, amma ka san wanda ke samansu, domin can za ka kai kuka ranar da suka daina ɗaga waya. Lasisi ma ba ya hana rushewa: a 2007 ICANN ta soke na RegisterFly bayan masu sunaye sun kasa sabuntawa da canji, aka mayar da sunayen zuwa GoDaddy. Bayan haka ne aka ƙarfafa tilasta wa masu lasisi ajiye kwafin bayanan masu sunaye a hannun wani amintacce, kuma idan kamfani ya rushe, bayanan da ke rubuce a can su za a bi.

Ka dubi kuɗin sabuntawa, kada na shekarar farko ya ruɗe ka. A Satumbar 2024 Verisign ya kai farashin sarin .com dala 10.26 a shekara, don haka wanda ya ba ka a dala biyu zai fanshe a shekara ta biyu. Katin naira yakan ƙi biyan dala a ranar sabuntawa ba tare da ka sani ba, saboda haka ko ka zaɓi kamfanin da ke karɓar naira, ko ka biya shekara biyu zuwa biyar gaba ɗaya. Ana iya biya har shekara 10. Kada imel ɗin asusun ya kasance a kan sunan da kake karewa, domin ranar da sunan ya mutu, saƙon gargaɗin ma ba zai iso ba.

Tambaya: Sunan da nake so wa'adinsa ya ƙare wata biyu da suka wuce, amma har yanzu an ƙi sayar min. Daga wata ɗaliba a Sakkwato.

Amsa: Malama, ƙarewar wa'adi ba ta sakin suna nan da nan. A .com kamfani yana iya riƙe shi har kwana 45 don mai shi ya sabunta, sannan ya shiga matakin redemptionPeriod na kwana 30, inda mai shi kaɗai ke iya fansarsa da ƙarin kuɗi, sai pendingDelete, wato jiran gogewa, na kwana biyar. Da yawa ma ba sa kaiwa can, kamfanin kan yi gwanjonsu tun a matakin farko. Ki duba matakin da yake ciki a lookup.icann.org. Idan ya kai pendingDelete kuma kina tsananin son sa, ki biya ɗaya daga cikin kamfanonin kama suna ya yi miki oda tun kafin ranar, domin na'urorinsu suna kamawa cikin daƙiƙa. Idan mutum biyu ko fiye suka yi oda a kamfani ɗaya, gwanjo za a yi a tsakaninsu, don haka ki yanke iyakar kuɗin da za ki iya biya tun kafin a fara.