Hoto ya nuna babu karaya, amma gwiwata ta ƙi daina ciwo

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Makonni biyar ke nan da na faɗi a kan babur, gwiwata ta dama ta bugi kwalta. An yi mini hoton ƙashi a asibiti, aka ce babu karaya, buguwa ce kawai. Kumburin ya ragu, amma har yanzu ina jin ciwo can ciki, musamman idan zan hau bene ko zan yi sujada. 'Yan'uwa sun matsa mini in je wurin mai ɗori. Mene ne abin yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara sauƙi, ya kiyaye gaba. Abin da nake so ka fara riƙewa shi ne, rashin ganin karaya a hoto ba ya nufin ƙashin bai ji rauni ba. Bayan ƙashi ne yake da tauri, amma cikinsa, musamman kusa da gaɓoɓi, saƙa ce ta ƙananan sillaye masu ramuka kamar soso, inda ɓargo da jini suke. Idan duka ya yi ƙarfi, wasu daga cikin sillayen nan sukan tsattsage ba tare da ƙashin ya rabu biyu ba, sai jini da ruwa su taru a wurin da ba su da hanyar fita. Wannan matsi shi ne ciwon da kake ji can ciki. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya iya nuna shi, sai na'urar MRI, wadda ke ɗaukar hoton cikin jiki dalla-dalla.

Buguwar fata takan warke cikin mako biyu, amma ta ƙashi takan ɗauki wata ɗaya zuwa biyu idan ƙarama ce, babba kuwa tana iya cin watanni da dama. Saboda haka makonni biyar ba abin tayar da hankali ba ne, muddin ciwon raguwa yake yi.

Babban maganinsa shi ne a sauke wa ƙafar nauyi, kuma a nan ne mutane da yawa suke gazawa, domin da zarar sun ji ɗan sauƙi sai su koma kan babur ko filin ƙwallo. Idan taka ƙafar yana sa ka ɗingishi, ka riƙi sanda. Ka rage hawa bene, ka daina dogon tsugunno, ka yi salla a zaune har sai gwiwar ta iya ɗaukar sujada ba tare da zogi ba. Wannan ba yana nufin ka kwanta gaba ɗaya ba: ka riƙa miƙe ƙafar kana lanƙwasa ta a hankali kullum, don kada gaɓar ta sandare, naman cinya kuma ya rame. Idan ta kumbura da yamma, ka ɗora ta a kan matashi, ka naɗe ƙanƙara a tawul ka ɗora na minti 15 zuwa 20. Paracetamol ya isa ga yawancin mutane. Ibuprofen da diclofenac suna aiki, amma kada a ɗauki makonni ana shan su ba da sanin likita ba, musamman ga mai gyambon ciki, ciwon ƙoda ko hawan jini. Ka ci nono, ƙwai, wake, kifi da zogale, kuma idan kana shan taba ka bar ta, domin tana jinkirta warkewar ƙashi.

Game da ɗori, ba na ba ka shawarar zuwa. Babu abin da ya karye ko ya goce da za a mayar, ja da murza kuwa ƙara wa raunin rauni suke yi. Ɗaurin da ya matse ƙafa yana iya tare jini, kuma likitocin ƙashi sun sha karɓar gaɓoɓin da suka ruɓe ta wannan hanya.

Akwai abu guda da nake so a duba maka. Buguwar ƙashi a gwiwa ta kan zo tare da yagewar jijiyar da ke riƙe gaɓar daga ciki ko ta guringuntsi, kuma su ma hoton ƙashi ba ya nuna su. Idan gwiwar tana kuɓuce maka kana cikin tafiya, ko tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko ciwon bai ragu ba nan da makonni uku zuwa huɗu, ka ga likitan ƙashi, kamar a Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano ko asibitin koyarwa mafi kusa da kai, domin a yi MRI a haɗa ka da masu gashin ƙashi. Zazzaɓi tare da ja da zafi a gwiwar, kumburin sha-raɓa, ko yatsun ƙafa su yi sanyi ko ka daina jin su, waɗannan ba a kwana da su a gida. Idan kuma kana da sikila, ka gaya wa likita tun farko, domin jini kan yanke wa ƙashin masu sikila, kuma kulawar da za a ba ka ta bambanta.