Kun Tambaya, Mun Amsa: Na Gama Rubuta Littafi, Ina Zan Dosa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kammala rubuta labarina a kwamfuta, kuma ina so in buga shi da kuɗina. Daga ina zan fara, kuma kwafi nawa ya kamata in buga? (Wata malama daga Tudun Wada, Kaduna)

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Kada ki nufi maɗaba'a tukuna. Mai maɗaba'a ba karanta littafinki zai yi ba, abin da kika kai masa shi zai zuba a takarda. Ki fara ba wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa ya tace miki, ko da biya ne, musamman haɗawa da raba kalmomi, inda za ki ga an rubuta "ya na" maimakon "yana". Ƙawarki da za ta ce "ya yi daɗi" ba tacewa ta yi ba.

Sai tsara shafuka. Girman A5 aka fi yi wa littafin labari. Injin bugu yana ɗaukar shafi 8 ko 16 a babbar takarda guda, a ninke a yanke, don haka idan tsari ya tsaya a shafi 150, kuɗin shafi 152 ko 160 za ki biya. Gara ki cike gurbin da sadaukarwa da tarihinki.

Inda littattafan Hausa suka fi lalacewa shi ne haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Kin kai aikin a Word, an buɗe a kwamfutar da ba ta da samfurin haruffan da kika yi amfani da shi, sai "ƙasa" ta koma ɗan akwati da "asa", ko wani ya "gyara" ta zama "kasa". Ki mayar da aikin PDF da haruffansa a ciki. Sannan ki sa a fitar miki da kwafi ɗaya na gwaji, ki bi shi shafi-shafi da biro, ki sa hannu kafin a tayar da inji. Kada ki biya kuɗi duka kafin nan.

Takarda mai giram 70 ta wadatar. Mai 60 ta fi araha amma rubutun baya yana leƙowa. Bango ya zama kati mai giram 250 ko 300, a lulluɓe shi da leda. Littafi mai shafi kamar 150 gam ake sa masa, ba waya ba. Ki buɗe na gwajin sosai ki ja takardar tsakiya; gam mara kyau da hunturu yake bushewa ya tsage.

Batun adadi kuwa, bugu da faranti (wato fallen ƙarfen da ake ɗora hoton shafuka a kansa a sa wa inji) kuɗin farantinsa ɗaya ne ko 200 aka buga ko 1,000, shi ya sa za a kwaɗaita miki dubu, a ce kowane kwafi zai fi araha. Lissafin gaskiya ne, amma sai kina da masu saye. Littafin farko, mu dai shawararmu 50 zuwa 100 ta injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta. Kowane kwafi ya fi tsada, sai dai ba za ki tara katan-katan a ɗaki damina ta jiƙa, gara ta ci ba.

Tambaya: Dole ne sai da lambar ISBN? Ita ce ke hana satar fasaha? (Wani ɗalibi daga Kawo)

Amsa: Malam, abu biyu ka haɗa. ISBN lamba ce mai alƙaluma 13 da ke bambanta littafinka da saura a shaguna da laburare, kuma Laburaren Ƙasa ne ke bayar da ita a Najeriya. Yana da reshe a nan Kaduna. Ka nema da kanka. Idan mai maɗaba'a ya ara maka tasa, sunan wanda aka yanka wa lambar ne zai tsaya a matsayin mawallafi, wato wanda ya fitar da littafin. Bayan bugu, dokar laburaren ta 1970 ta ce mawallafi mai zaman kansa ya kai kwafi 3.

Haƙƙin mallaka kuwa naka ne tun ranar da ka rubuta, kuma yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Rajista da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ba dole ba ce, amma takardarta hujja ce ranar da aka shiga kotu.