Me ya sa ake kafa bishiyar ƙarfe maimakon a dasa ta gaske?

Tambaya: Malam, ina yawan ganin hotunan sababbin unguwanni a manyan birane, an kafa wasu ƙattin ƙere-ƙere masu siffar bishiya ko dabba a tsakiyar fili. Tunda halittar ce take burge su, me ya hana a dasa bishiyar kanta mai ba da sanyi a huta? Wannan ba almubazzaranci ba ne?

Amsa: Ɗan'uwa, wani lokacin almubazzarancin ne, ba zan ɓoye maka ba. Amma akwai dalili.

Wanda ya zuba dukiya ya gina sabuwar unguwa yana so tun ranar buɗewa a sami abin da zai ɗauki ido, abin da mutum zai ce wa abokinsa "mu haɗu a gindinsa". Bishiya kuwa sai ta kwashe shekaru kafin ta kai wannan matsayi. Sau da yawa ma ƙarƙashin filin ba ƙasa ba ce, wurin ajiye motoci ne da bututun ruwa da wayoyin lantarki, saiwa ba ta da inda za ta bi. Ga kuma doka a wasu wurare. Tun 1951 Faransa take ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin gina makarantun gwamnati domin aikin fasaha, daga baya aka faɗaɗa tsarin zuwa sauran gine-ginen hukuma. Birnin Filadelfiya na Amurka ya kafa irin nasa a 1959.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Singafo, a lambun Gardens by the Bay da aka buɗe a 2012 a kan filin da aka cike daga teku. Bishiyoyin ƙarfe 18 ne, tsayinsu daga mita 25 zuwa 50. Cikinsu kankare ne, aka yi masa keji na ƙarfe, sannan aka dasa tsirrai masu rai iri fiye da 200 a jikin kejin. In ka matso kusa, ganye ne da furanni suke hawa har sai wuyanka ya gaji da ɗagawa. Wasunsu suna ɗauke da faifan sola a ka, wasu kuma bututun fitar da iska mai zafi ne daga na'urorin sanyaya ɗakunan shuke-shuke. Wato ba ado kaɗai suke yi ba, suna cin guminsu.

Wani aikin kuma labari yake ɗauke da shi. Kawunan dawaki biyu na ƙarfe da ke garin Falkirk a Sukotlan, masu tsayin mita 30, an kafa su ne a bakin mashigin ruwan da dawaki suka riƙa jan jiragen kaya a da. Gizo-gizon tagulla da mai fasaha Louise Bourgeois ta ƙera, wanda ke gaban gidan tarihi na Guggenheim a birnin Bilbao na ƙasar Sifaniya, ya haura mita 9. Ta sa masa suna Maman, wato uwa, don mahaifiyarta mai gyaran saƙa ce. Ka shiga tsakanin ƙafafunsa ka ɗaga kai, za ka ga jakar raga cike da ƙwai na farin dutse. Bishiya ba za ta ba ka wannan labarin ba.

Inda zancenka ya tabbata shi ne Landan. A 2021 aka yi tsaunin jabu kusa da Marble Arch, aka lulluɓe ƙarafa da ciyawa da 'yan bishiyoyi. Ya ci kusan fam miliyan 6, jama'a suka mayar da shi abin dariya, a Janairun 2022 aka rufe shi.

Abin da na fi dubawa in an nuna mini zane shi ne kuɗin kulawa, don nan ne ake yawan yin shiru. Tsatsa, kashin tsuntsaye, bugun iska, duk suna jiran aikin. Ƙaton gunkin ɗan kwikwiyo da aka lulluɓe da furanni, na mai fasaha Jeff Koons, shi ma a Bilbao, sau 2 a shekara ake sauya masa furanni, kuma akwai bututun ban-ruwa a cikinsa.

Batun sanyi kuwa, kai ke da gaskiya. Ganye yana fitar da danshi ya sanyaya iska, ƙarfe kuwa rana yake sha har ya gagari taɓawa. Ko a Singafon, ba su bar bishiyoyin ƙarfen su kaɗai ba, lambu ne na gaske ya kewaye su.